Tsohuwar wayarka ba ta mutu ba, manhajar da ka ɗora mata ce ta fi ƙarfinta

Jama'a wallahi abin yana damuna yadda mutane ke saurin yanke wa tsohuwar waya hukunci. Fim ya fara tsayawa, murya ta riga hoto, waya ta ɗau zafi, sai kaji ance ai ta gama yayi a kaita kasuwa a canza, alhali a wannan tsadar ba kowa ne zai shiga Kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna ya fito da sabuwa ba. Yawancin ƙananan itel da Tecno ɗin da ke hannun iyayenmu da ƙannenmu a Rigasa da Tudun Wada RAM ɗinsu 1GB ne ko 2GB, wasu ma Android Go ne a kansu, wanda dama Google ta yi shi ne don irin waɗannan wayoyin marasa ƙarfi. Toh kaga wayar da take numfashi da ƙyar in ka ɗora mata fileya, wato manhajar kunna bidiyo ko waƙa, mai nauyi wadda kowane minti sai ta jawo talla daga intanet, ai dole ta riƙa sandarewa, ga data na tafiya ga caji na zuba, kuma kunsan yadda wuta take a garin nan.

Ni dai a ɓangaren bidiyo VLC nake sa wa duk wanda ya miƙo min waya, wannan mai alamar mazubi ruwan lemo. Wata ƙungiya ce a Faransa mai suna VideoLAN take yinta, ba don riba ba, shi yasa babu talla a cikinta ko ɗaya kuma kyauta ce. Tana buɗe MP4 da MKV da AVI har tsofaffin 3GP ɗin nan na zamanin da. Abin da yafi burge ni shine in murya da hoto sun saɓa, kamar yadda ake yawan samu a fina-finan Indiya na fassara, akwai inda zaka ja muryar gaba ko baya har su daidaita, sannan zaka iya kunna bidiyo a matsayin sauti kawai ka kashe fuskar waya ka jefa aljihu, wanda ga mai jin wa'azi ko tafsiri a cikin Keke Napep wannan ba ƙaramin sauƙin batir bane. Kuma tana tuna inda ka tsaya.

MX Player ma tana da kyau, mutanenmu sun saba da ita sosai, sai dai ta kyauta ɗin akwai talla, kuma wani lokacin zaka buɗe fim hoto na tafiya babu murya ta rubuto maka cewa bata ɗaukar EAC3, wato wani tsarin sauti, sai ka nemo wani ƙarin fayil ka haɗa mata. Ga wanda ya iya ba komai bane, amma Hajiya a gida ina zata fara?

Sai dai fa gaskiya rabin matsalar ba daga fileya take ba, daga fim ɗin ne kansa. Yanzu da yawan abin da masu turi ke da shi a kwamfuta an matse shi ne da tsarin HEVC, wanda zakaga an rubuta x265 a jikin sunan fayil, saboda baya cin wuri. Tsohuwar waya kuma sau da yawa bata da guntun da ke warware wannan tsarin, sai aikin gaba ɗaya ya koma kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, nan ne zafi da tsaitsayawa ke farawa ko wace manhaja ka sa. Don haka in kaje wajen mai turi ka ce masa malam x264 zaka samin, 480p ko 720p, don x264 shine tsarin da tsohuwar waya tafi iya ɗauka, kuma kar ya loda maka 1080p, a ƙaramar fuskar nan bambancin ma ba wani ganinsa zaka yi ba. Shima memori in na bogi ne ko ya tsufa yana jawo irin wannan.

Waƙa da karatu kuwa Musicolet nake so. Ƙarama ce, babu talla, bata ma da izinin shiga intanet balle ta taɓa maka data. Kuma tana baka damar jera layi daban-daban, kowanne yana riƙe inda ka tsaya, kaga sai ka ware na karatun Alƙur'ani daban, na waƙoƙin biki daban, littafin da ake karantawa a murya shima daban, ba wanda zai shiga cikin wani. Audiomack da kuma Boomplay da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix suna da amfaninsu in sabuwar waƙa kake nema, amma don jin abin da ke cikin memorinka basu zama dole ba.

Abin da nake roƙo ku kiyaye shine tarkacen nan da ake turawa ta Xender masu suna kala-kala, duk sunce HD ne. In kaga fileya tana neman izinin ganin lambobin wayarka ko saƙonninka ko inda kake, goge ta kawai, me ya haɗa kallon fim da lambobin mutane? Ka sauke daga Play Store, in kuma taƙi sauka a wayarka VLC tana nan a shafin VideoLAN, sai ka ɗauki wadda aka rubuta ARMv7 don ita ce tafi dacewa da yawancin tsofaffin wayoyin nan.