Daga Dubai zuwa Los Angeles: Awa 16 rana ba ta faɗi ba

Wajen ƙarfe 9 na safe muka tashi daga filin jirgin saman Dubai, cikin Airbus A380, jirgin nan mai bene. Watan Yuni ne. Tikiti ya nuna za mu yi awa 16 da 'yan mintuna a sama ba tare da yada zango ba. Nisan kuwa wajen kilomita 13,400 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na kewayen duniya.

A raina na riga na zana hanya: mu yi yamma, mu ratsa Turai, mu tsallake Tekun Atlantika. Haka taswirar bango ta koya mini tun ina ɗan makaranta. Sai ga ɗan allon da ke bayan kujera yana nuna hancin jirgi ya dubi arewa sak. Muka haye Iran, muka shiga sararin Rasha, muka yi ta nausawa. Dattijon da ke gefena ya ga na ƙura wa allon ido, ya tambaye ni ko lafiya. Na ce, Baba, ai kamar ba hanya muke bi ba. Ya yi murmushi, ya ce duniya dunƙulalliya ce; in na samu taswira mai siffar ƙwallo, in ja zare daga Dubai zuwa Los Angeles har ya miƙe, zan ga ta ƙoƙon kan duniya zai bi. Abin da allo ke nunawa kamar baka, shi ne gajeriyar hanya. Bayanin nan ya shige ni sosai, don ban taɓa zargin taswira ba sai ranar.

Bayan kamar awa 8 na ɗaga marufin taga. Ƙanƙara ce fari fat iya ganin ido, da tsage-tsagen ruwa baƙi a jikinta. Ba gari, ba titi, ba hayaƙi. Muna gudun kusan kilomita 900 a awa guda, amma sai ka rantse a tsaye muke. A wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a can, don haka duhun da muka samu shi ne wanda ma'aikatan jirgi suka yi mana da kashe fitilu.

Rabi na biyu ya fi wuya. Ƙafafu suka yi nauyi, maƙogwaro ya bushe, barci ya zo gutsi-gutsi. Na yi ta miƙewa ina zagaye tsakanin kujeru. Kanada ma faɗi gare ta, ta ƙi ƙarewa.

Mun sauka wajen ƙarfe 2 na rana, a ranar da muka taso, domin a lokacin bazara Dubai na gaban Los Angeles da awa 11. Agogon hannuna, wanda ban taɓa ba tun safe, yana nuna ƙarfe 1 na dare. Na tsaya a layin duba fasfo ina hamma, hasken rana tsaka yana kwararowa ta gilasai.