Godiya bayan majigin tallafa wa marayu

Alhamdu lillahi, an yi, an gama, kowa ya koma gidansa lafiya. Har yanzu muryar wasunmu ba ta dawo ba, ƙafa kuwa sai a hankali, amma bai dace a ƙara kwana kwamitin shirya majigin tallafa wa marayun unguwa bai fito ya yi godiya ba. Faman da aka sha kafin ranar duk a kan idonku aka yi shi, ba sai mun maimaita ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ɗaukewar wuta ana tsakiyar kallo. Da yawa sun ɗauka mai ne ya ƙare, alhali tanki cike yake. Janaretan da muka yi haya mai 2.5kVA ne, ƙarfinsa bai wuce wat 2,000 ba. Na'urar majigi tana cin wajen wat 300, amfulifaya da lasifika biyu wajen 500, sai kwamfuta da ƙwayayen bakin ƙofa. Da saura sosai. Sai wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya jona hita a soket ɗin bayan allo don a dafa wa dattawa shayi saboda sanyi. Hita ita kaɗai tana jan wat 1,500 zuwa 2,000. Ashe kuma an daɗe da cire makunnin da ke katse wuta idan kaya sun yi wa injin yawa, abin da ya kamata duk mai ɗaukar injin haya ya duba kafin ya biya. Inji na ta ruri, wuta babu, na'urar daidaita wutarsa ta ƙone.

Duhu ya rufe filin makaranta, yara cike da tabarmin gaba, ƙofa ɗaya tak a buɗe saboda karɓar tikiti, ta baya da kwaɗo. Da mutum ɗaya ya yi ihu, da turereniyar da za a yi a bakin ƙofar nan sai Allah. Malamar Islamiyyar layin masallaci ce ta miƙe daga ɓangaren mata, ko lasifika babu, ta ce kowane yaro ya zauna inda yake ya riƙe hannun ƙaninsa. Kusan dukkansu ɗalibanta ne, sun san muryar, suka koma suka zauna. Iyaye mata suka kunna fitilun waya suka ɗaga sama, Baba mai gadi ya lalubo makulli ya buɗe ƙofar baya. Malama, mun san ba kya son a ambace ki, ki yi haƙuri. Allah ya saka miki da gidan Aljanna, ya raya miki naki, ya jiƙan mahaifanki.

Sai mai cajin waya na bakin kwalbati. Ba wanda ya aika masa. Ya sallami masu caji, ya rufe shago, ya ɗoro injinsa a baro ya turo har fili, cinikin daren nan gaba ɗaya ya bar shi. Da aka tashi muka miƙa masa kuɗin mai, ya ce a zuba a asusun yaran, shi ma a hannun kakarsa ya tashi. Ya Allah ka buɗa masa ta inda bai zata ba, ka yalwata kasuwarsa, ka tsare masa dukiyarsa daga gobara da ɓarayi.

Masu ƙorafin cewa an daɗe ba a ci gaba ba bayan wuta ta dawo, da gangan ne. Ƙwan majigi yana zafi ƙwarai, fanka ce ke sanyaya shi bayan an kashe. Idan wuta ta yanke farat ɗaya fankar ma ta tsaya, tayar da shi da zafinsa yana rage masa kwana, wani lokaci ya fashe. Shi ya sa aka ba shi kamar minti goma ya huce, kuma na'urar aro ce.

Ranka ya daɗe mai unguwa, mun gode da rakiya wajen kai takardar sanarwa ofishin 'yan sanda da na Hisba. Furodusan da ya ba mu izini a rubuce na nuna fim ɗinsa, wanda Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta riga ta tace, bai karɓi ko kwabo ba. Telan da ya haɗa farin yadi mai faɗin mita 4, shi ya ba da shawarar a jingina shi da bangon aji a ɗaure kusurwa huɗu, kada a kafa shi a sarari iskar hunturu ta kifar da sanduna kan yara. 'Yan sintirin da suka tsare igiyar da ta raba maza da mata, da liman da ya ce a bari sai bayan isha'i tunda tsakanin magariba da isha'i ba ya isa fim, Allah ya bar zumunci, ya biya ku da mafificin alheri.

'Yan uwan da suka ce kujeru da man inji a wuyansu suke, wayarsu kuma ta daina shiga tun ana gobe taro, mun san hidima ta yi wa kowa yawa. Wasu daga cikin yaran nan dai jininku ne. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ku.

Kuɗin ƙofa mutum uku suka ƙirga a gaban liman, aka gwada da kan rasit. Na turawa ta banki ba mu lissafa hoton alat ba sai abin da ya shiga asusu, don an samu waɗanda ba su shiga ba. Cikakken lissafi, da abin da za a saya na hatsi, sabulu da rigunan sanyi, za a manna shi a allon masallaci ranar Juma'a. Masu tabarmi da bencina kuma su zo gidan mai unguwa bayan la'asar su ɗauki nasu.