Kacala a mashigar garinmu

Asabar ɗin da ta wuce mun shiga ruwa tun bayan sallar asuba, mu talatin da 'yan kai, kowa da laujensa ko adda. Gayya aka kira ta yankan ciyawar kacala a mashigar da ke yamma da gari, wadda take ɗauko ruwa daga kogi ta kai shi fadama. Har yanzu tafin hannuna bai daina zogi ba, ga tabon matsattsaku biyu a ƙwaurina. Da yamma wani abokina da ke aiki a Dutse ya kira ni, da ya ji inda na yini sai ya ce, "Malam, watan Maris fa muke ciki, ko hadari bai fara haɗuwa ba, wane ruwa kuke tarewa?" Tambayarsa ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Haɗeja ta gabas, inda kogi yake fara rarrabuwa. Ruwan da yake cin mu ba lalle a kanmu aka zuba shi ba. Sai a yi kwana goma ko yayyafi babu, ka wayi gari ka tarar kogi ya hau, domin daga ƙasar Kano yake tahowa. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa, su biyo ta Wudil, su wuce Ringim da Auyo, su iso Haɗeja. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai, ruwa ya rasa gangara ya karkasu. Wani ya bi Marma ya nufi tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya nemi tsohuwar hanyarsa, har a je wajen Gashuwa inda ake gamuwa da ruwan Jama'are. A irin wannan ƙasa, tudun da bai kai kamu ɗaya ba ya isa ya kawar da ruwa daga wannan gari ya tura shi wancan.

Baffana, ƙanen mahaifina, ya haura saba'in, kuma a bakinsa na san yadda kogin yake a da. Ya ce suna samari da rani ƙafewa yake yi ƙarƙaf, su tsallaka da jakuna, mata su tona yashi su ɗebi ruwan sha. Da damina ya zo ya malale fadama, a yi shinkafa, a kama kifi, in ya janye a shuka wake a danshinsa, Fulani su sauko da shanu. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992, daga nan aka riƙa sakin ruwa har da rani saboda noman Kadawa da na kwarin Haɗeja. Ba zan zagi dam ba, domin alkama da tumatirin da yayana yake ci da iyalinsa da su, albarkacin ruwan nan ne. Sai dai hanyar ruwan da a da take samun watanni tana shan rana, yanzu shekara take yi a jiƙe, kuma abin da kacala take so ke nan.

Wanda bai san ta ba, ciyawa ce da takan fi mutum tsawo, tsofaffi suna ce mata shalla. Kanta kamar zangarniyar gero, ja-ja haka, in ya bushe ya fashe sai iska ta kwashi irin kamar auduga. Amma ƙarfinta a ƙasa yake. Saiwarta tana rarrafe cikin taɓo tana fito da sababbin 'ya'ya, ta saƙe kamar tabarma. Duk laka da yashin da ruwa ya ɗauko, a jikinta suke tsayawa. Shekara kaɗan sai cikin mashiga ya cike ya kusa daidai da gaɓa. Ranar da babban ruwa ya zo ya tarar an toshe masa hanya, sai ya koma da baya ya nemi gonaki da gidaje, su kuma na ƙasa da mu suna can suna kukan ruwa bai iso musu ba. A cikin kacalar tsuntsayen jan-baki suke kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su faɗa wa shinkafa. Ga sauro, ga tsargiya a fitsarin yara, masunta kuma sun rasa inda za su jefa birgi.

A 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, mu ma mun ga namu. Cikin Satumba ne, wajen ƙarfe biyu na dare, Baffa ya buga mini ƙofa ya ce, "Tashi ɗana, jinga ta tafi." Kafin in sa riga ladan ya fara shela a lasifikar masallaci. Ba ta saman jingar, wato tudun ƙasar da ke tare mana ruwa, ruwan ya hau ba. Ramin gafiya ne a gindinta, wajen bishiyar tsamiya, da aka yi kwanaki ana ganin ruwa yana tsattsafowa ta wurin, kowa yana cewa gobe a toshe. Da muka isa, ɓarakar ta kai faɗin ɗaki. Muka shiga ruwa iya ƙirji muka yi layi kafaɗa da kafaɗa don mu rage masa ƙarfi, na baya suna miƙo buhunan ƙasa, mata da yara suna cikawa da kwanuka da hasken tocilan. Buhu sai ka ajiye shi ka ji ya zame daga ƙarƙashin ƙafarka ya tafi. Da buhunan suka ƙare, wani ya kawo na taki da takinsa a ciki, wata tsohuwa ta kawo katifarta.

Ba mu ci nasara ba. Da gari ya waye ruwa yana cikin unguwar yamma. Gidan ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara, gindin ne yake jiƙewa, sai ka ga bango ya zauna a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. A gabana rumbun Inna ya zauna haka, da sauran geron bara a ciki. Allah ya kiyaye ba mu rasa rai ba, amma mun yi makonni a firamaren da nake koyarwa, gida huɗu a aji ɗaya, an raba da zannuwa.

Bayan ruwa ya janye Bulama ya tara magidanta a ƙofar gidansa. An yi ta maganar gwamnati da dam, har Baffa ya nemi izini ya ce, "Ranka ya daɗe, dam ba shi ya haƙa ramin gafiya ba, kuma ba shi ya hana mu toshe shi ba." Wurin ya yi tsit. A ranar aka kafa kwamitin jinga, aka ba ni riƙon littafi tunda ni ne malamin makaranta.

Abin da muke yi ba wani abin mamaki ba ne. Da kaka kowane magidanci yana kawo buhu biyar wanda babu komai da kwanon shinkafa ɗaya, a sayar a sayi shebur da igiya. Buhunan a ɗaki muke kulle su, don rana tana cinye buhun leda, in ka bar shi a waje kafin Agusta ya zama gari. Duk Juma'a bayan la'asar mutum uku suna bin jingar da ƙafa daga farko har ƙarshe, da sanda suna caccakar gindinta. An hana ɗibar ƙasar bulo a kusa da ita. Wannan dokar ta jawo mini gaba da wani ɗan'uwana na jini har wata biyu, na kuma daure, domin ramin da ya haƙa a daidai inda ta ɓalle ne. Shanu an ware musu mashaya ɗaya, da yardar Arɗo. Kududdufin tsakiyar gari da wasu suka so a cike a yanka filaye, shi ma an bar shi, saboda nan ruwan saman gari yake taruwa.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne maƙwabta. Duk kamun da muka ƙara wa jingarmu, ruwan da ta hana shigowa garin da ke tsallake yake nufa. A wancan daren har zargi ya shiga cewa da gangan aka fasa mana, samari suka fara ɗaukar gora. Sai da Hakimi ya zaunar da mu sau biyu. Yanzu ba ma ƙara tsawon jinga sai dattawansu sun zo sun gani, kuma gayyar kacala tare muke yi. Cikin mu talatin ɗin nan na ranar Asabar, goma sha ɗaya nasu ne.

Yankan ma da yadda ake yin sa. Mun yi shekaru muna cinna mata wuta, sai ta ƙone sama ta bar saiwa, bayan sati uku ta fito kore shar fiye da da. Wani ma'aikacin gona ne ya nuna mana cewa ta ganyenta take shaƙar iska ta kai wa saiwa. Don haka sai ka sunkuya ka tura hannu cikin ruwa, ka yanke ta kamar taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwan, kututturen ya nutse ya ruɓe. In ta sake tofowa a sake yi, sau biyu ko uku. Fuskarka tana dab da ruwa mai warin ruɓa, gefen ganyen yana tsaga hannu, ba ka ganin inda laujen yake sauka. Abin da aka yanka kuma dole a ja shi har tudu, in an bar shi a ruwa shi ma toshewa zai yi. Mata sukan zaɓi dogaye su yi asabari. Kuma da rani kaɗai ake iya wannan, lokacin da ruwan bai wuce ƙugu ba. Da zarar kogi ya hau, ba mai iya tsayuwa a mashigar nan.

Gwamnatin Jigawa ta kawo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, na gan su suna aiki, abin da za mu yi wata muna yi su yini ɗaya ya ishe su. Muna godiya, muna kuma roƙon a ƙaro. Amma babban kogi suke bi, ba za su shigo 'yar mashigarmu ba, kuma lakar da aka kwashe bana wata tana tafe baɗi. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, shi ma muna saurare a rediyo, ni nake karanta wa kwamiti abin da ya shafi yankinmu.

Da muka fito ruwa wajen azahar, Baffa yana zaune a gindin tsamiyar nan, inda ya sare alama da gatari a daidai inda ruwan 2022 ya tsaya. Ƙafarsa ba ta barin sa shiga yanzu, sai dai ya wasa mana lauje. Ya dubi abin da muka buɗe, ruwa ya fara tafiya a tsakiya yana jan ganye, ya tambaye ni saura nawa. Na ce daga nan zuwa kwalbati, kamar gayya uku. Ya ce in rubuta a littafi cewa Asabar mai zuwa a tsallake za a yi, mu ne za mu je musu, kuma a gaya wa samari kowa ya taho da gishiri a leda saboda matsattsaku.