Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Akwatin Baba

A makon jiya na tsaya a ranar da muka dawo daga maƙabarta, Inna ta miƙo mini ɗan makulli ta ce, "Auta, kai ya ce a ba." Makullin akwatin ƙarfen nan ne da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda tun muna yara ba mai taɓa shi.

Baba bai san ranar haihuwarsa ba. Abin da yake faɗi shi ne yana goye aka naɗa Sarki Abdullahi Bayero, wato 1926. Ya rasu a 2014, 'yan watanni bayan Sarki Ado, kun ga ya kai casa'in ko ya kusa. Da na buɗe akwatin, a sama na tarar da lambobin yabonsa na soja a ƙunshe cikin tsohon rawani, har da tauraron nan da aka ba waɗanda suka je Boma a Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarƙashinsu kuwa littattafan rasit ne, ɗaure da zare, shekara bisa shekara.

Labarin yaƙi ba ya cika ba da shi. Mun dai san yana cikin runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, an kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1944, daga nan suka shiga dazukan Arakan a ƙasar Boma, kuma suna wurin lokacin da aka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Idan muka matsa masa, sai ya ba mu labarin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da abincin da jirgin sama ke jefo musu. Waɗanda suka mutu a gefensa, sunayensu a addu'ar asuba kawai muke ji. A barikin soja ya koyi boko da lissafi, kuma da su ya samu aikin malamin haraji a En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, bayan an sallame su a 1946.

Nan ne bakinsa ke buɗewa. Yakan ce bindiga ba ta taɓa hana shi barci kamar alƙalami ba, domin sunan da ya rubuta a littafin haraji, ko mai shi yana da hatsi a rumbu ko babu, sai an bi shi. Matasan yanzu ba su ga wannan zamani ba. Haraji a kan kowane baligi namiji yake, jangali kuma a kan kowace saniya. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, daga nan sai baitulmali. Wanda ya kasa biya yakan sayar da akuyar matarsa, wani ya sulale cikin dare ya tafi ci-rani, wani kuma a shanya shi a rana a ƙofar fada. Baba ya ga duk wannan da idonsa, kuma bai taɓa cewa hannunsa ba ya ciki ba.

Ina ɗan shekara tara ya fara ɗaukata a bayan kekensa zuwa ƙirgar shanu. Na tuna wata ruga da muka je da sanyin safiya. Arɗo ya tarbe mu da ƙwaryar nono, ya ce, "Malam, bana ciwo ya shiga garke." Baba bai sha ba sai da ya gama ƙirga. Ya rubuta abin da ya gani, bai ƙara ko ɗaya ba, ya yage rasit ya danƙa wa mutumin a hannu, sannan ya zauna ya sha nonon ya kuma biya kuɗinsa. A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Idan na sha kafin in ƙirga, idona zai ga abin da cikina ya ce masa." Har yau idan aka kawo mini wani abu a wurin aiki, ƙwaryar nan nake tunawa.

Ranar 1 ga Oktoba 1979 Abubakar Rimi ya hau kujerar gwamnan Kano, gwamnatinsa ta PRP ta soke haraji da jangali, kamar yadda Balarabe Musa ya yi a Kaduna. Maƙwabta suka yi ta shigowa, wasu jaje suka zo yi, don a ganinsu abincin gidanmu ne aka taɓa. Suka tarar da shi a zaure ya sa an sayo goro yana rabawa. Daga baya aka mai da shi sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma, yana karɓar kuɗin rumfunan kasuwa, har ya yi ritaya.

Mu goma sha ɗaya ya haifa, ban da 'ya'yan 'yan'uwa da suka tashi a gidan, kuma da wannan albashi ya sa mu makaranta, mata da maza. Gidan ƙasa ya gada, a cikinsa ya rasu.

A can ƙasan akwatin na ga wani ƙaramin littafi daban, mai baƙin bango. Sunaye ne a jere da rubutunsa, kowanne da kuɗi a gabansa, na farko-farko da fam da sule, daga 1973 kuma da naira da kwabo. Na kai wa Inna. Ta daɗe tana shafa bangon kafin ta ce, "Waɗanda ya biya wa ne daga aljihunsa. Shekara nawa muna faɗa da shi a kan kuɗin cefane, ban sani ba sai da ya tsufa."

Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. A shafi na huɗu na ci karo da sunan mahaifin matata. Yadda na tunkare ta da wannan magana, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.