Tsintsiyar da aka miƙo min a Sharaɗa

Ranar da na fara SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai masana'antu su yi, a wani kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa da ke Kano, na je da sabon littafi da biro, a zatona gaban allon wuta za a kai ni. Ogan sashenmu, dattijon da kowa ke ce wa Baba, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min tsintsiya da tsumma. Raina ya sosu. Shekara uku ina karatun injiniya, ga ni durƙushe ina kwasar ɓuntu.

A sati na biyu, da na share gindin injin da ke ɓare shinkafa, sai na ga ɗigo biyu na baƙin mai a kan siminti. Na goge. Washegari suka dawo daidai wurin, sun zama huɗu. Da na gaya wa Baba, bai ce uffan ba, ya ɗora bayan hannunsa a gidan boris ɗin ya janye da sauri. Robar da ke tare man ce ta mutu, boris ya fara cin kansa. Da dusa ce jibge a wurin, da ta shanye man babu wanda ya gani, sai ranar da injin ya cije ana tsaka da aiki. "Yaro, wa kake tsammanin zai fara ganin wannan in ba mai shara ba?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ƙurar ma da nake rainawa ba ƙaramar aba ba ce. Tana toshe haƙarƙarin moto ya kasa shan iska, kuma in ta tashi ta cika ɗaki, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. A Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta fashe a matatar Imperial Sugar da ke jihar Jojiya a Amurka, mutum 14 suka mutu. Tun da na san haka na daina hure dusa da iskar kwamfiresa, wadda ba ta kwashe komai sai dai ta mayar da ita kan rodin rufi.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta ce a kwashe datti kullum. Amma a ganina ba doka ce ta riƙe sashenmu ba, nacin Baba ne. Kowace sifana da zanen siffarta a jikin allo, in lamba 17 ba ta koma ba babu mai tashi, don gudun kada a bar ta cikin inji. Mai babbar riga ba ya matsawa kusa da bel, ko da manaja ne.

Inda muka kasa shi ne tukunyar kashe gobara ta bakin sito. A shata jan fenti a gabanta, leburori su jera buhuna a kai, don nan ne kusa da mota. Har na gama wata shida, kowace safiya da janye buhunan nan nake farawa.