Kafin ka sayi fom ɗin digiri na biyu a fannin tarihi

Duk shekara idan Jami'ar Bayero ta fitar da tallar karatun gaba da digiri, tambayar da ake ta yi ita ce nawa ne kuɗin makaranta, yaushe za a rufe fom. Wanda zai karanta tarihi yana da tambayoyi biyu da suka fi waɗannan nauyi: wane malami ne zai duba masa aiki, kuma a ina takardun da zai yi aikin da su suke?

Da farko ka tantance irin digirin. Akwai M.A. na bincike, wanda ake rubuta kundi a kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, kuma shi ne hanyar digirin digirgir. Akwai kuma na ma'aikata da ake yi a ƙarshen mako, wanda galibi ba ya kai mutum can. Da yawa sai sun gama suke gane haka. Yawanci ana neman aƙalla 2:2, wato ƙaramin matakin daraja ta biyu a digirin farko, da takardar bautar ƙasa, sannan jami'arka ta aika da cikakken sakamakonka. Takardar sakamakon nan ka nema da wuri, don ita ce ke jinkirta mutane.

Maganar takardu ce ta fi kayar da ɗalibai. In batunka ya shafi Kano kafin zuwan Turawa a 1903, yawancin rubuce-rubucen Larabci ne da ajami. Wanda bai iya karanta su ba, ko ya koya, ko ya sauya batu tun kafin ya gabatar da shi a sashe. In kuwa zamanin mulkin mallaka ne, ba makawa sai ka je Kaduna, Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin lardin Kano suke, ka leƙa Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana takardun tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970. Ka sa kuɗin mota da masauki a lissafi. Kafin ka ɗauki hoton kowace takarda, rubuta lambar fayil da kwanan wata a littafinka. Hoto ba lamba ba ya shiga kundi, sai ka sake tafiya. A nan Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, inda ake adana kayan tarihi, ga kuma Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, ga mai binciken rayuwarsa da siyasar jam'iyyarsa ta NEPU.

Hira da dattawa kuwa kada ka bari sai ka gama kwasa-kwasai. Tsoho ba ya jiran kalandar jami'a. Ka je da wanda ya san gidan, ka nemi izini kafin ka naɗi murya, ka rubuta suna da shekaru da unguwa.

Shi malamin da zai duba maka aiki, karanta abin da ya wallafa, ka tambayi ɗalibansa wata nawa babi ke yi a hannunsa. Babban suna da ɗalibai rututu kan sa aiki ya kwanta.

Aikin yi fa? Koyarwa ce ta fi ɗaukar mutane, amma a sakandare ana buƙatar PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, a jami'a kuma ba za ka yi nisa ba sai da digirin digirgir. Akwai gidajen tarihi irin Gidan Makama, da ma'ajiyar takardu, da gidajen rediyon Kano masu neman wanda zai shirya shiri kan masarauta ko kasuwar Kurmi da hujja a hannu.