Mai bin baya a tattakinmu na karkarar Zazzau

A ƙungiyarmu ta masu tattaki kowa da aikinsa. Akwai jagora, wanda ke hawa babur tun ranar Laraba ko Alhamis ya je ya dubo hanyar da za mu bi ranar Asabar. Akwai ma'aji, wata malamar asibiti da ba ta yarda ko kwabo ya fita sai an rubuta. Akwai mai rataye jakar magani. Ni kuwa aikina bin baya: duk inda muka nufa, ba a yarda wani ya kasance a bayana ba. In takalmin wani ya tsinke, da ni za a tsaya a ɗaure shi. In numfashin wani dattijo ya gaza a tsakiyar hawa, ni zan zauna da shi har ya dawo daidai. Ina son aikin nan, ban kuma taɓa neman a canja mini ba, domin na baya shi ke amsa tambayar mutanen ƙauye, shi ke jin abin da ake faɗa bayan ayari ya wuce.

Mutanen Zariya ne mu, daga Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada da Wusasa da cikin birni. Akwai malaman makaranta, akwai tela, akwai waɗanda suka yi ritaya, akwai ɗalibai, maza da mata, Musulmi da Kirista. Shi ya sa muka tsayar da Asabar, don kada a shiga Juma'ar wani ko Lahadin wani. Ana idar da sallar asuba mu haɗu, kafin azahar kowa ya koma gidansa.

Duk sabon shiga, Kufena muke fara kai shi. Daga Wusasa ake dosar dutsen, kuma a kan hanya akan wuce tsohon cocin ƙasa da 'yan mishan suka gina a 1929, ginin magina Hausawa, da kaurin bango irin na da. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Da an fita daga gidaje sai gonaki, sai kuma ragowar ganuwa da ta kewaye gindin dutsen, wadda a wasu wuraren ta zama tudun ƙasa kawai da ciyawa ta rufe, in ba a nuna maka ba sai ka taka ta ka wuce. Tarihin baka ya ce sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena kafin ta tabbata a birnin Zariya na yanzu, kuma a nan ne sunan Bakwa Turunku da na Sarauniya Amina ke shigowa. Hawan kansa ba ya buƙatar igiya ko wani kayan aiki, amma yana buƙatar takalmi mai kama dutse da kuma haƙuri. Falalen dutsen da safe yana da sanyi a tafin hannu, wajen ƙarfe goma kuwa ba ya taɓuwa. In ka kai sama ka juya gabas, birni ne shimfiɗe da rimayensa, ga hasumiyoyin masallatai, ga hayaƙin girkin safe yana tashi daga ƙauyuka. Na ga mutumin da aka haifa a birni, ya yi furfura a birni, yana tsaye a wurin yana nuna unguwarsu da yatsa yana maimaita cewa bai taɓa sanin haka garinsu yake ba.

Sauran hanyoyinmu lokaci ne ke zaɓa mana su. Da damina ba ma hawa dutse in an kwana ana ruwa, saboda santsi, sai mu bi bakin gonaki a layi ɗaya, ba mai taka kunya. Da kaka tafiya ta fi daɗi: an yanke dawa da masara, ido yana kaiwa nesa, manomi kuma hannunsa a sake yake, sai ka ga an cika maka aljihu da gyaɗa. A lokacin ne kuma karara ke bushewa a bakin rafi, kuma duk wanda gashinta ya taɓa wa wuya ko hannu ba ya buƙatar a sake yi masa gargaɗi. Abin da nake faɗa wa sababbi shi ne su sa riga mai dogon hannu, in kuma ta taɓa su kada su sosa. Da hunturu mukan jinkirta fita saboda hazo da masu asma. Da rani sai mu gangara fadamar Galma, inda masu noman rani ke ban ruwa da inji, tumatir da tattasai da albasa da rake, kore shar a tsakiyar ƙasar da ta bushe ƙamas.

Amma ba kyan wuri ne ya sa na zauna rubutun nan ba. Abin da bin baya ya nuna mini shi ne babu taki ɗaya na ƙasar nan da ba shi da mai shi. Mu mutanen gari mukan ce "daji", kamar wuri ne da aka watsar. Ɗorawar da ke tsaye a tsakiyar gona tana da mai ita, kuma matan gidan sun san ranar da za su zo da ƙugiya su kaɗe ta, su fitar da kalwa su yi daddawa. Kaɗanya haka, mangwaro haka, har gambar da za a yanka a saƙa zana. Saboda haka dokarmu ta farko ita ce ba a tsinkar komai sai an ba ka, ta biyu kuma ba a shiga ƙauye sai an yi sallama da mai unguwa.

Wannan ta biyun a da ladabi ne kawai, yanzu ta zama tsaron rai. Tun da matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari ta ɓangaren Giwa da Birnin Gwari muka daina nufar can gaba ɗaya, kuma ko a wuraren da ke lafiya, mutum ashirin da jakunkuna a baya suna ɗaukar hoto ba abin da ƙauye zai kalla ya yi shiru ba ne. Wata safiya a wani ƙauye kudu da gari, ayari ya riga ya wuce, wani dattijo da ke gyaran garma a gindin tsamiya ya kira ni.

"Malam, zo mana. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da aiki."

"Awon fili kuka zo yi, ko ma'adinai kuke nema?"

"Ko ɗaya, Baba. Tafiya kawai muke, mu motsa jini, mu ga gari. Mun gaida mai unguwa tun jiya."

Ya dube ni, ya dubi takalmina, sannan ya ce, "To ku bi ta hagu. Ta dama an sayar da ita, mai wurin ya ja waya." Ya ƙara da cewa a hanyar daman nan uwarsa ta yi ta kai nono da hatsi kasuwa, shi ma a kanta ya koyi kora jaki.

Maganar nan ta zauna mini, domin kusan duk wata sai mun tarar da irinta. Hanyar da muka bi bara, bana ka iske turakun siminti jere a kanta, baɗi katanga. Dillalan filaye suna yanka gonaki fuloti-fuloti, kuma ba kasafai mai yankan ke barin hanyar ƙafa ba, sai dai layin mota a tsakanin fulotan, wanda ba ya kaiwa ko'ina. Burtali kuma, wanda a da aka ware wa shanu da shinge hagu da dama, kowace damina sai an ci masa kunya ɗaya ko biyu daga kowane gefe, har ya zama saniya ba ta wucewa sai ta sa baki a shukar wani. Daga nan faɗa ke tashi, kuma mun san inda irin faɗan nan ke kaiwa. Mu da muke yawon Asabar asararmu kaɗan ce, za mu iya canja hanya. Yarinyar da ke ɗauke da ƙwaryar nono, da yaron da ke zuwa makarantar ƙauyen gaba, da tsohuwar da za ta gaisuwar mutuwa, su ne aka ƙara wa nisa, kuma ba wanda ya tambaye su.

Duwatsun ma ba su tsira ba. A gindin wasu duwatsun kewayen gari akwai masu fasa dutse: su tara itace da tsofaffin tayoyi su kunna wuta a kan falalen har ya tsage, sannan maza su bi shi da guduma, mata da yara su mayar da shi tsakuwa, tifa ta zo ta kwashe. Ba na zarginsu, na zauna da su na ga tafin hannunsu, abinci suke nema da guminsu. Amma dutse in an fasa shi ba ya tofowa, kuma ya kamata hukuma ta ce ga inda za a fasa, ga inda ba za a taɓa ba, musamman wuraren da ke ɗauke da ganuwa da kufan mutanen da.

Bayan fitar Asabar, mukan yi doguwar tafiya ta kwana biyu ko uku. Adashe muke zubawa wata-wata, in ya taru a ɗauki hayar bas. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin motar ya kusa gagarar mu, sai da aka yi zama mai zafi kafin aka yarda masu albashi su riƙa ƙara wani abu a kan na ɗalibai ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Dokar tafiya ɗaya ce: ba ma kwana a hanya, ba ma tuƙin dare.

Jos muka fi zuwa, ta Pambeguwa da Saminaka. Tsaunukan Shere da ke gabas da garin sun kai mita 1,829 a ƙololuwarsu, kuma a can ne mutumin Zariya ke gane cewa Kufena share fage ne. Manyan duwatsu ne a ɗore kan juna, wani wurin sai ka cire jaka ka miƙa wa na gaba sannan ka kutsa ta tsakani. Ba ma hawa sai da ɗan jagora daga ƙauyukan Afizere na gindin tsaunin. A hanya akan ratsa gonakin acca da dankalin turawa da aka kewaye da shingen ƙerana, da kududdufan da haƙar kuza ta bari, masu ruwa kwance da ba a sanin zurfinsa, waɗanda muke hana matasanmu shiga ko da sun iya iyo. A saman Shere na fi jin nauyin aikina, domin a wurin tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya takan buɗe sosai. Muka yi ƙasaru a kan wani falale, iska tana neman ɗauke dardumar, abokanmu Kirista suna tsare mana kaya.

Yankari daban take. Daga Bauchi ake bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma girmansa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasansa, ɗuminsa yana nan a digiri 31 rani da damina. Sai dai ga masu tattaki Yankari wurin haƙuri ne, don ba a barin kowa ya kutsa daji da ƙafa yadda ya ga dama. A mota ake zagayawa da ma'aikacin gandun, a sauka inda ya ce a sauka, kamar wajen kogunan dutse na Marshall, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa suka zauna a ciki. Wasu daga cikinmu sun yi ƙorafi cewa ba su yi gumi ba. Ni ban ga laifin dokar ba, dajin giwa da ɓauna ne. Abin da na tsare a can shi ne kada kowa ya fito da abinci a fili, saboda gwaggon birin sansanin ba sa tsoron mutum.

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninmu. Matasa suna son a ƙara sauri da nisa, suna duba waya su ga taku nawa suka yi, wasu ma suna so a raba ayari biyu, na masu ƙarfi da na sauran. Na fahimce su, jininsu na tafasa. Amma ni ban yarda da rabuwar ba, kuma na faɗa a gaban kowa. Ranar da aka raba, dattawa za su fara jin sun zama kaya, su janye ɗaya bayan ɗaya, alhali su ne suka san sunan kowane rafi da kowane kufai, su ne in sun yi sallama a ƙofar mai unguwa ake shimfiɗa tabarma. Abin da aka daidaita a kai shi ne masu sauri su je su dawo, amma a kowace mararraba a tsaya sai an gan ni.

Bana mun ɗauki wani aiki da na daɗe ina roƙo. Duk hanyar da muka bi, wani ɗalibinmu mai karatun taswira yana zana ta da waya, ni kuma ina zama da dattawan ƙauyen in rubuta sunan da suke kiran ta, da inda take kaiwa, da ko hanyar kasuwa ce ko burtali ko ta masu ɗiban ruwa. Idan mun gama ɓangare guda za mu buga a takarda mu kai wa dagaci da hakimi, mu bar kwafi a hannun mai unguwa, don ranar da mai awo ya zo a samu abin nuna masa. Mun fara da ƙauyukan da ke tsakanin Wusasa da Kufena, kuma da an gama girbi za mu koma ɓangaren Galma. Wanda ke son zuwa ya taho da ruwan sha wadatacce da hula da takalmi rufaffe, mata kuma akwai 'yan'uwansu mata a cikin ayari tun daga farko har ƙarshe. Wanda ya san wata tsohuwar hanya a ƙauyensu da ake neman toshewa, ya faɗa mana, za mu sa ta a gaba.